Inda Ji Ya Kori Gani

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a yawancin al'amura haka abin yake: wanda ya je ya gano da idonsa ya fi wanda aka ba labari a gindin bishiya. Amma akwai wata ƴar kasuwa a duniya inda karin maganar nan ke kifewa, ji ya dawo shi ke korar gani. Ita ce kasuwar ƴan kwalaben tabar shaƙa na ƙasar Sin. A watan Nuwamba na 2011, a birnin Hong Kong, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wata kwalba da ba ta cika tafin hannu ba a kan dalar Hong Kong miliyan 25.3, wato sama da dalar Amurka miliyan 3, fiye da miliyar ɗaya da rabi ke nan a kuɗin sefa. Daga cikin tarin kayan Mary da George Bloch ta fito. Wata kwalbar mai irin siffarta da irin zanenta, wadda aka gasa bara a wani shago, kuɗinta ba zai sayi ragon layya ba. A ɗora su biyun a hannuna ko a hannunka, da wuya mu ce ga wannan ga waccan. To me aka saya da miliyoyin nan? Kuma in aka sayar wa mutum sabuwar da sunan tsohuwa, ya rayu yana murna da abinsa har ya koma ga Mahaliccinsa bai gane ba, me aka cuce shi?

Ba tallar taba na zo yi ba, mai karatu ya kwantar da hankalinsa. Yawancin masu tara kwalaben nan a yau ko atishawa ba su taɓa yi da garin taba ba. Mazubin ne abin magana, kamar yadda mutum zai yaba aikin badukun da ya ɗinka batta ko da shi ba ya shaƙa.

Taba ba ƴar ƙasar Sin ba ce. Daga nahiyar Amurka take, jiragen fataken Turai suka kai ta can wajen ƙarshen ƙarni na 16. A zamanin daular Cing, wadda ta yi mulki daga 1644 zuwa 1912, garin taba ya samu karɓuwa a fada, ana ɗaukarsa maganin mura da ciwon kai. Turawa a ƴan akwatuna suke zuba nasu, amma mutanen Sin suka koma ga ƴan kwalaben da suka saba zuba magani, masu ƙaramin baki, da marfi mai toshiya wanda ke hana laima shiga, da ɗan siririn cokali maƙale a jikin marfin. An yi su da dutse, da tangaran, da gilashi, da hauren giwa, da ƙaho. Waɗanda suka fi kowanne daraja su ne masu zanen da Turawa ke kira inamel, wanda ni zan kira fentin wuta. Kowa ya san danginsa: kwanukan nan masu furanni da iyayenmu mata ke jerawa a ɗaki fentin wuta ne a kan baƙin ƙarfe. Gilashi ake niƙawa ya zama gari, a gauraya shi da sinadaran da ke ba da launi, a kwaɓa, a yi zane da shi a jikin jan ƙarfe ko tangaran ko farin gilashi, sannan a sa a wuta har ya narke ya manne. A kan gilashi aikin ya fi wuya, domin zafin da ke narkar da fentin bai yi nisa da zafin da zai lanƙwasa kwalbar kanta ba. Wuta ta ɗan gota kaɗan, aikin makonni ya tashi a banza.

Sarki Kangshi, wanda ya yi mulki daga 1662 zuwa 1722, shi ya ƙwallafa rai a kan sana'ar bayan ya ga kayan da malaman Kirista ƴan Turai ke kawo masa kyauta. A 1696 aka kafa maƙerar gilashi ta fada a Beijin ƙarƙashin wani Bajamushe, Kilian Stumpf. A 1716 wani limamin Kirista ɗan Italiya, Matteo Ripa, ya rubuta wasiƙa yana ba da labarin yadda sarki ya sa shi da Giuseppe Castiglione su zauna su yi zane da fentin wuta, aikin da ba nasu ba. A 1719 wani Bafaranshe masanin aikin, Jean-Baptiste Gravereau, ya iso. A 1728, zamanin Sarki Yongjeng, maƙeran fada suka iya haɗa launukansu da kansu, suka rage dogara da na Turai. Sai zamanin Ciyanlong, wanda ake rubutawa Qianlong, daga 1736 zuwa 1795, aikin ya kai ƙololuwa. Sunan wannan sarkin ne ake samu a gindin kwalbar da ta ci miliyoyin nan, kuma sunansa ne a gindin dubban kwalaben da ake sayar wa masu yawon buɗe ido a yau.

Yanzu bari mu zauna kusa da masani mu ga abin da yake dubawa. Farko yakan juya kwalbar ya duba hatimin gindinta, haruffan Sin guda huɗu, galibi da shuɗi, masu nufin an yi ta a zamanin Ciyanlong. Yana duba tsayuwar haruffan da yadda alƙalami ya bi su, domin marubutan fada suna da irin hannunsu. Sai ya duba gogewa. Abin da ya shekara ɗari biyu yana shiga jaka yana fita, ana murza shi a tafin hannu, dole ruwan zinariyar bakinsa ya koɗe a inda yatsu ke yawan taɓawa, kuma in ka sa madubi mai ƙara girma za ka ga ƴan kwarzane sun bi ko'ina ba tsari, wani dogo wani gajere, wani ya hau kan wani. Gogewar da aka yi da gangan da yashi mai laushi takan nufi gefe guda, kuma takan shiga har lungun da hannu ba ya kaiwa. Sai launi: ruwan hoda na wancan zamani daga zinariya ake samo shi, rawaya daga dalma da kuza, kuma kowanne yana da irin zurfinsa. A kwalbar jan ƙarfe yakan leƙa ciki ya ga fentin da aka shafe cikin da shi. A ta gilashi, in ta farkon ƙarni na 18 ce, yakan nemi wasu ƴan tsage-tsage sirara kamar saƙar gizo, ciwon da ke kama tsohon gilashin da haɗinsa bai daidaita ba. Marfi kuwa ba ya ba shi muhimmanci, tun da yawancin marafan an sauya su a hanya.

Akwai wani abu a nan da ke ba ni sha'awa. Sau da yawa aibi ne shaidar gaskiya. Maƙeran fada na farko suna kokawa da wutar gawayi da launukan da ba su gama sanin halinsu ba, don haka aikinsu yakan fito da ƴan ramuka kamar na tsinin allura, wani launin ya ɗan ƙone, wani ya ɗan zarce layi. Mai aikin yau yana da murhun lantarki da ma'aunin zafi, nasa yakan fito sumul. Ashe kwalbar da ta fi kyau ita ce abar zargi. Wannan ya saɓa wa abin da muka taso da shi, cewa jabu shi ne mai muni, na ainihi shi ne mai kyau.

Sai dai kowace alama a cikin waɗannan tana da makari. Hatimi ana kwaikwayonsa. Gogewa ana iya yin ta da haƙuri, a sa kwalba a aljihu tare da tsabar kuɗi da makullai wata da watanni. Tsohon garin taba ana zuba shi a sabuwar kwalba. Ramukan allura, da zarar masana sun rubuta a littafi cewa su ne shaida, mai jabu ma ya iya karatu. Ta ɗaya gefen kuma, akwai kwalaben fada na gaskiya da suka kwana a akwati ba wanda ya taɓa su, suna nan a gidan tarihi na Taipei kamar jiya aka sauke su daga wuta. Rashin gogewa bai sa sun zama sababbi ba.

Wani zai ce ai yanzu akwai kimiyya. Akwai kam. Akwai fitila mai wani irin haske da ke tona inda aka yi gyara, akwai na'urar da ke haska abu ta faɗi sinadaran da ke cikinsa ba tare da an kankare shi ba. Ga misali: sinadarin kuromiyom, wanda ke ba da wani irin kore, sai a 1797 wani Bafaranshe mai suna Vauquelin ya gano shi, kuma bai shiga fenti ba sai bayan haka. In na'ura ta same shi a koren ganyen da ke jikin kwalba mai hatimin Ciyanlong, magana ta ƙare. Amma in ba ta same shi ba fa? Ba ta ce kwalbar tsohuwa ce ba. Iyakar abin da ta ce shi ne wanda ya yi ta bai yi wannan kuskuren ba. Na'ura ta iya ƙaryatawa, ba ta iya gaskatawa. Shekaru ba sinadari ba ne da za a auna a jikin abu. Labari ne game da inda abin ya kwana, kuma labari sai da mai ba da shi.

Kafin mu kama mai laifi, ya kamata mu yi adalci ga hatimin. A al'adar masu tangaran na Sin, rubuta sunan tsohon sarki a gindin sabon kaya ba kullum yake nufin yaudara ba. Tangaran masu yawa na zamanin Kangshi suna ɗauke da hatimin Sarki Cenghuwa, wanda ya yi mulki daga 1465 zuwa 1487, domin ana ganin zamaninsa ne aikin ya fi kyau, sai a sa sunansa don girmamawa. A 1677 ma wani hakimi a Jingdejen, garin da ya shahara da tangaran, ya hana a riƙa rubuta sunan sarki mai ci a jikin kaya, don kada su fashe a zubar da sunan sarki a juji. Mai saye a wancan wuri da lokaci ya san ma'anar hatimin, mai sayarwa ya san ya sani. Ba wanda aka rufe. Haruffan nan huɗu, su kaɗai, ba gaskiya ba ne ba ƙarya ba ne. Suna zama ƙarya ne ranar da aka miƙa su ga wanda zai karanta su a matsayin ranar haihuwa, kuma mai miƙawar ya san haka zai karanta su.

Wannan ya kawo ni ga Ye Bengci. Ɗan Ye Jongsan ne, wani shahararren mai zane a cikin kwalba a Beijin wanda ya rasu a 1945. Bayan faɗuwar daula, a shekarun da Turawa da Amurkawa da Japanawa ke wawar kayan fada, gidan su Ye ya koyi gasa fentin wuta a kan gilashi irin na zamanin Ciyanlong, da hatimin da komai. Aikin ya yi kyau har ya shiga manyan taruka da littattafai da sunan na fada, ya shekara da shekaru a haka. A 1974 wani dillali kuma masani ɗan Ingila, Hugh Moss, ya zauna da tsohon a Beijin ya yi masa tambayoyi, shi kuma ya nuna waɗanda suka fito daga hannunsa. Lura da yadda asirin ya tonu. Ba madubi ba ne, ba na'ura ba ce. Mutum ne ya buɗe baki ya ce ni na yi.

A nan ne masu kare jabu ke da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa: kwalbar da ta burge masana shekara talatin, ranar da tsohon ya yi magana ko ƙwayar launi ɗaya ba ta sauya a jikinta ba. Furen yana nan, tsuntsun yana nan. In darajarta ta faɗi, ashe tun farko ba kyau ake saye ba, suna ake saye, kuma mai sayen suna in an damfare shi, girman kansa ne ya damfare shi. Ina karɓar rabin wannan magana. Lallai a cikin miliyoyin can akwai kaso mai tsoka na alfahari, na attajirin da ke son a ce abin da sarki ya riƙe yau shi ke riƙe da shi. Ba na zubar wa irin wannan hawaye sosai.

Amma sauran rabin ban karɓa ba. Son abu don hannun da ya taɓa shi ba cutar attajirai ba ce, halin ɗan Adam ne. Wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa allon da ya yi karatu da shi, in ka ɗauke allon cikin dare ka ajiye masa wani mai irin itacensa da irin dattinsa, ka yi masa sata ko da bai farga ba har abada. Abin da yake riƙe da shi a zuciyarsa, cewa wannan ne mahaifina ya rungume yana yaro, ya zama ba haka ba ne, kuma kai ka mai da shi haka. Kama da wane ba ta wane. Rashin jin zafi ba ya nufin ba a yi rauni ba, in ba haka ba da wanda aka ci amanarsa a ɓoye ba shi da haƙƙi sai ranar da ya ji labari.

Akwai kuma wata ɓarnar da ta fi wannan, wadda ba a cika ambata ba. Idon masani ba daga sama yake faɗowa ba. Yana koyo ne daga kayan da aka riga aka yarda na gaskiya ne. In jabu ya shiga cikinsu, aka buga hotonsa a littafi, ɗalibi ya haddace shi a matsayin ma'auni, to mudun kansa ya lalace. Daga nan sai a riƙa auna na gaskiya da na ƙarya. Kwalbar fada mai ƴan ramuka da launin da ya ɗan ƙone sai a ce ba ta kai ba, domin ba ta yi sumul kamar waccan ta littafi ba. Maƙerin da ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce, wanda ya sha hayaƙin gawayi yana neman yadda ruwan hoda zai zauna a kan gilashi, sai a kore shi daga aikinsa a zaunar da wanda ya kwaikwaye shi. Mai algus a hatsi buhu ɗaya ya ɓata. Mai taɓa mudu kasuwa duka ya ɓata.

To in ido yana ruɗuwa, na'ura kuma ba ta gaskatawa, me ya rage? Salsala. Wa ya mallaki kwalbar, daga wa ya same ta, a wace shekara, wa ya shaida. Ba ina haɗa kwalbar taba da hadisi ba ne, Allah ya tsare, amma duk wanda ya zauna gaban malami ya san hanyar. Malaman hadisi ba su tsaya ga daɗin lafazi ba, domin sun san maƙirƙiri ya iya tsara magana. Suka koma ga isnadi: wa ya ji daga wa, sun yi zamani ɗaya, sun haɗu, mai gaskiya ne, haddarsa tana da ƙarfi. Masu kwalabe, ba tare da sun sani ba, nan suka dawo. Kwalbar da aka buga hotonta a wani littafin gwanjo kafin a haifi mai jabun da ake zargi ta fi wadda ta ɓullo jiya da labarin wani kaka da ba a san sunansa ba. Fadar Beijin ma ta bar kundin ayyukan maƙeranta, inda ake rubuta ranar da sarki ya ba da umarni da abin da ya ce a gyara. Ashe mai tantance kwalba, a ƙarshen lissafi, mutane yake tantancewa.

Salsalar ma tana da nata abin kunya. A watan Oktoba na 1860 sojojin Ingila da na Faransa suka wawashe fadar Yuwanmingyuwan a bayan Beijin, sannan Ingilishi suka cinna mata wuta bisa umarnin Lord Elgin. Cikin ƴan shekaru kayan suka bayyana a gwanjon Landan da Paris, ana tallarsu da sunan fadar da aka kwaso su. A yau takardar da ke nuna cewa wani hafsan soja ne ya zo da kaya daga can tana daga cikin shaidu mafi ƙarfi na cewa kayan na gaskiya ne. Wato shaidar asali ita ce shaidar sata, kuma tana ƙara wa abin kuɗi. Mu da muka san yadda kayan Benin suka tafi a 1897 ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Amma wanda na fi so mu duba shi ne masanin kansa, domin shi ake ɗauka jarumin labarin. Masu tara kayan tarihi suna da irin hirar da suke so: wane ya shiga wani ƙaramin shago, ko gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ya hango kwalba a cikin tarkace, gabansa ya faɗi, ya daure fuska, ya taya wasu abubuwa biyu don kada a gane, ya biya kuɗin cefane ya fita da dukiya. Ana ba da wannan labari ana tafi. Ni kuwa na kasa ganin bambancinsa da na mai jabu. Can, wanda ya sani ya bar wanda bai sani ba ya ɗauki sabo a matsayin tsoho. Nan, wanda ya sani ya bar wadda ba ta sani ba ta ɗauki dukiya a matsayin tarkace. A duka biyun ribar daga rami ɗaya ta fito, ramin da ke tsakanin abin da na sani da abin da na bar ka kana zato. Ɗaya mun kira shi ɗan damfara, ɗaya mun ce yana da ido.

Za a ce mini ilimin nan ba kyauta ya same shi ba. Ya shekara ashirin yana duba kwalabe, ya sayi littattafai, ya yi asara a kan jabu kafin idonsa ya buɗe, don me zai raba ilimin a banza? Gaskiya ne, kuma ban ce kada ilimi ya ci riba ba. A zauren gwanjo, inda kowa ya zo da shirinsa, an baje kaya kwana da kwanaki kowa ya duba, in ka ga abin da sauran dillalai ba su gani ba, rabonka ne, ka ci lafiya. Abin da nake ƙi shi ne inda ɗayan ya dogara da kai. Fiƙihun da muke karantawa a zaure ya san wannan bambanci tun tuni. Ya hana ɓoye aibin kaya, ya ba mai saye zaɓin mayarwa in ya gano. Ya hana tarbar fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su shiga kasuwa su ji farashi. Ya kuma tsananta a kan cutar wanda ya sallama maka, ya ce kai ka san abin nan, yi mini yadda ake yi. Tsohuwar da ta ce wa masani, ɗana, duba mini wannan ko yana da wani amfani, ba abokiyar ciniki ba ce a wannan lokaci. Ta mai da shi alƙali. In ya amsa a matsayin mai saye alhali an tambaye shi a matsayin alƙali, ya ci amana, ko da kowace kalma da ta fito daga bakinsa gaskiya ce. Yana da hanyoyin halal a gabansa: ya faɗa mata abin da yake zato ya nemi ladan aikinsa, ko ya sayar mata ya ɗauki la'ada, ko ya ce ni mai saye ne, nemi wani ya kimanta miki.

Maganar kalmomin da kowaccensu gaskiya ce ta tuna mini da yaren littattafan gwanjo. In sun tabbata, sukan rubuta cewa kwalba tana da hatimin Ciyanlong kuma ta zamaninsa ce. In ba su tabbata ba, ko sun san ba haka ba ne, sai su rubuta tana da hatimin Ciyanlong, su yi shiru. Ɗan gida ya san abin da shirun ke nufi. Baƙo kuwa ya ga sunan sarki ya ɗaga hannu. Manyan kamfanoni sukan bayyana wannan ƙa'ida a ƙarshen littafin da ƙananan haruffa, kuma wannan ya rage musu laifi. Amma ƙananan ƴan kasuwa na intanet sun ɗauki shirun sun bar bayanin. Ka tuhume su, su ce ina muka yi ƙarya, hatimin ba ya nan? Yana nan. Ni dai a wurina wanda ya jera gaskiya yadda za ta haifi ƙarya a kan wani, da wanda ya faɗi ƙaryar kai tsaye, tazarar da ke tsakaninsu ta lauya ce kawai.

Shi kuwa Ye Bengci, ban iya wanke shi ba. Wanda ya kwaikwayi hatimi har da irin shuɗinsa, a lokacin da kasuwa ke biyan kuɗin Ciyanlong, ya san inda kayan za su ko da ba shi ya kai su ba. Amma ina jin tausayinsa ta wata fuska. Mutum ne da hannunsa ya kai na maƙeran sarki, a zamanin da ba mai biyan wannan hannu sai in ya ɓuya a bayan sunan matacce. Kasuwar da ta ƙi sayen aikinsa da sunansa tana da kaso a cikin laifin. Kowace kwalba da ya yi ta yi nasara ne gwargwadon yadda ta shafe shi. A ƙarshen shekarun 1950 ya koyar da wani saurayi, Wang Shisan, wanda aka haifa a 1938, wanda daga baya ya kafa makarantar zane a cikin kwalba a lardin Hebei, ya yi suna da sunansa, yana sa hannu a aikinsa.

Ye ya rasu a 1975, shekara guda bayan hirar. Kwalabensa ba a fasa su ba, ba a kuma ɓoye su ba. Suna fitowa a gwanjo har yanzu, masu tarawa suna neman su, suna biyan kuɗi mai kauri suna sane da abin da suke saye. A littafin gwanjo akan rubuta cewa aikin Ye Bengci ne, ko na gidan su Ye, Beijin, a ƙarni na 20. In ka juya kwalbar, haruffan nan huɗu masu shuɗi suna nan a gindinta, suna cewa an yi ta a zamanin Ciyanlong.